Kakar 1992/93: Shekarar da aka haifi Gasar Firimiya ta Ingila

Kakar wasa ta 1992/93 ita ce ta farko a tarihin Gasar Firimiya ta Ingila. An buɗe ta ranar Asabar 15 ga Agusta 1992 da ƙungiyoyi 22, kowace za ta buga wasa 42, aka rufe ta a watan Mayu 1993 Manchester United na riƙe da kofi. Kafin wannan shekara, babban rukunin ƙwallon ƙafa na Ingila yana ƙarƙashin hukumar Football League ne, wadda aka kafa tun 1888, kuma ita ke kula da rukuni huɗu na ƙungiyoyi 92. A 1992 ƙungiyoyin saman suka ɓalle daga cikinta suka kafa kamfaninsu na kansu, bayan shekara 104 ana tafiya tare.

Ba a rasa dalilin ɓallewar ba. Shekarun 1980 sun yi wa ƙwallon Ingila mugun lahani. A watan Mayu 1985 gobara ta kama rumfar katako a filin Bradford City, mutum 56 suka mutu. Kafin watan ya ƙare, mutum 39 suka rasu a filin Heysel na Beljiyam, a wasan ƙarshe na Kofin Turai tsakanin Liverpool da Juventus, abin da ya sa aka haramta wa ƙungiyoyin Ingila shiga gasannin Turai har shekara biyar. Sai kuma turmutsutsun filin Hillsborough na Afrilu 1989, wanda ya ci rayukan magoya bayan Liverpool 97. Rahoton alƙali Taylor da ya fito a 1990 ya ce dole manyan filaye su rushe wuraren da ake kallo a tsaye, a kafa wa kowa kujera. Aiki ne mai cin kuɗi, kuɗin kuwa babu. A lokaci guda fitattun 'yan wasa suna ta ficewa zuwa Italiya da Faransa, inda albashi ya fi tsoka.

Manyan ƙungiyoyi biyar, wato Arsenal, Everton, Liverpool, Manchester United da Tottenham, sun daɗe suna ƙorafin cewa su jama'a ke son gani a talabijin, amma kuɗin da ake samu ana raba shi har da ƙananan ƙungiyoyi na rukunin ƙasa. A 1990 shugabanninsu suka zauna da Greg Dyke na tashar ITV, suka tsara ficewa. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, FA, wadda dama ba ta ga-maciji da Football League, ta ba su goyon baya. Sai dai abin da ITV ta shuka ba ita ta girba ba. Da aka zo cinikin nuna wasanni a watan Mayu 1992, tashar tauraron ɗan'adam ta BSkyB, wadda Rupert Murdoch ke da babban kaso a cikinta, ita ta yi nasara da yarjejeniyar shekara biyar da aka ƙiyasta a kan fam miliyan 304, BBC kuma ta samu damar nuna taƙaitattun wasanni da daddare. Idan aka tuna cewa yarjejeniyar ITV ta 1988 fam miliyan 44 ce na shekara huɗu, za a gane girman tsallen. Aka amince a raba kuɗin cikin gida kashi uku: rabi a raba daidai-wa-daida, kashi ɗaya cikin huɗu gwargwadon matsayin ƙungiya a teburi, sauran kuma gwargwadon yawan fitowarta a talabijin. Ƙungiyoyi 70 na ƙasa kuwa aka bar su a Football League. Luton Town, wadda ta sa hannu a shirin tun farko, ta faɗo daga rukunin sama ana saura 'yan watanni a fara, kuma ba ta taka Firimiya ba sai 2023.

Duk da sabon suna da sabon kuɗi, ƙwallon da aka buga a wannan kaka tsohuwar ƙwallon Ingila ce: dogon bugu, ƙarfi, gudu, da filaye masu taɓo in hunturu ya shiga. A ƙarshen makon farko 'yan wasa 13 kacal ne daga wajen Birtaniya da Ireland suka buga wasa, cikinsu har da Peter Schmeichel, Andrei Kanchelskis, Anders Limpar da Eric Cantona. Filayen ma ana cikin gyaransu. A Highbury, filin Arsenal, an rushe rumfar arewa, aka kafa wani ƙaton allo da aka zana 'yan kallo a jikinsa don a rufe wurin ginin. A Old Trafford, filin Manchester United, ma gefen Stretford End a rushe yake. Ranar 26 ga Janairu 1993 mutum 3,039 kaɗai suka je kallon Wimbledon da Everton. Wanda ya saba ganin gidajen kallo na Kano ko Kaduna sun cika maƙil saboda Firimiya zai yi mamakin jin cewa gasar ta taɓa kasa tara jama'a a gidanta.

Canji ɗaya da ya taɓa wasan kai tsaye ba daga Ingila ya fito ba. A wannan shekarar dokar duniya ta hana mai tsaron raga kama ƙwallon da ɗan ƙungiyarsa ya turo masa da ƙafa da gangan. Kafin nan, ƙungiyar da ke gaba da ci sai ta yi ta mayar wa golanta ƙwallo, shi kuma ya rungume, lokaci na tafiya. Da dokar ta fara aiki, 'yan baya da ba su iya sarrafa ƙwallo ba suka shiga uku, wasa kuma ya ƙara sauri. Leeds United, wadda ta ɗauki kofin ƙarshe na tsohon tsari a 1992, tana cikin waɗanda abin ya fi shafa: ta kammala kakar a matsayi na 17 ba tare da ta ci wasa ko ɗaya a waje ba.

Brian Deane na Sheffield United ne ya zura ƙwallon farko a tarihin gasar, da ka, minti biyar da farawa, kuma a ragar Manchester United. United ta sha kashi 2-1 a ranar, sannan Everton ta zo har gida ta ba ta 3-0. Ƙungiyar da ta ba kowa mamaki ita ce Norwich City ta koci Mike Walker, wadda masu hasashe suka sa cikin masu faɗuwa. A ranar farko Arsenal na cin ta 2-0 a Highbury, ta farke ta kuma ci 4-2, Mark Robins da ta sayo daga United ya zura biyu. Norwich ta daɗe a saman teburi, ko da yake ragarta ba ta da ƙofa. Blackburn ta zazzaga mata 7-1 a watan Oktoba. Ita Blackburn ɗin sabuwar hawa ce, amma attajirin ƙarafa Jack Walker yana zuba mata kuɗi, Kenny Dalglish na horar da ita, ta kuma sayi Alan Shearer daga Southampton a kan kuɗin da ba a taɓa biya ba a Birtaniya. Shearer ya ci 16 a gasar kafin ya ji rauni a gwiwa a ƙarshen Disamba, daga nan tafiyar Blackburn ta yi sanyi. Aston Villa ta Ron Atkinson, mutumin da Alex Ferguson ya gada a United a 1986, ita ce ta uku a cikin masu neman kofin.

Matsalar United a farkon kaka rashin cin ƙwallo ne. Shearer ya kuɓuce mata, Dion Dublin da ta saya ya karye a ƙafa a watan Satumba, Sheffield Wednesday kuma ta ƙi sayar mata da David Hirst. A ƙarshen Nuwamba wani jami'in Leeds ya bugo wa shugaban United, Martin Edwards, waya yana tambayar ko za a sayar da Denis Irwin. Aka ce masa a'a, aka kuma juya tambayar: Cantona fa? Leeds ta sallama shi a kan fam miliyan ɗaya da 'yan kai. Bafaranshen, wanda shi ya fara cin ƙwallo uku rigis a wasa ɗaya a tarihin gasar, a wasan Leeds da Tottenham a watan Agusta, ya zo da sunan mai taurin kai da ba ya zama lafiya da koci. Ƙwallo tara ya ci wa United a sauran kakar, adadin da ba shi da yawa. Amfaninsa yana wurin da yake tsayawa, tsakanin 'yan tsakiya da ɗan gaba, inda 'yan bayan Ingila na lokacin ba su san wanda zai bi shi ba. Daga nan yake raba ƙwallo ga Mark Hughes da Ryan Giggs da Kanchelskis. Da wuya a sami cinikin ɗan wasa ɗaya da ya juya kaka kamar wannan.

Watan Afrilu ne ya raba gardama. Ranar 5 ga wata United ta je Carrow Road ta ci Norwich 3-1, duka ukun kafin a tafi hutun rabin lokaci. Ranar 10 ga wata Sheffield Wednesday ta zo Old Trafford ta fara ci da bugun fenareti na John Sheridan. Ana saura minti huɗu Steve Bruce ya farke da ka daga bugun kusurwa. Da yake alƙalin wasa ya ji rauni an musanya shi, lokacin da aka ƙara ya yi tsawo, kuma a minti na shida na ƙarin Bruce ya sake sa kai. Ferguson ya fito da gudu har bakin fili, mataimakinsa Brian Kidd ya faɗa cikin filin ya durƙusa kan gwiwoyinsa yana kallon sama. United ta ci wasanninta bakwai na ƙarshe a jere. Ranar Lahadi 2 ga Mayu Oldham ta doke Villa 1-0 a Villa Park, kofi ya tabbata na United ba tare da ta taɓa ƙwallo ba. Washegari aka miƙa shi a Old Trafford bayan ta ci Blackburn 3-1, Sir Matt Busby, kocin da ya ɗauko mata na ƙarshe a 1967, yana zaune yana kallo. Shekara 26 ke nan ana jira. United ta gama da maki 84, Villa 74, Norwich 72, kuma Norwich ta zo ta uku alhali ƙwallon da aka zura mata, 65, ya fi wanda ta ci, 61. Blackburn ta zo ta huɗu, Queens Park Rangers ta biyar, gaba da duk sauran ƙungiyoyin Landan. Teburi irin wannan, inda ƙungiyoyi masu ƙaramin ƙarfi ke cika sama, ya yi wuyar gani bayan kuɗin talabijin da na Turai sun fara taruwa a hannun 'yan ƙalilan.

A ƙasan teburi ma an ga abin kallo. Oldham ta Joe Royle tana buƙatar cin wasanni uku na ƙarshe cikin mako guda, ta kuwa ci: Villa, Liverpool 3-2, Southampton 4-3. Crystal Palace ta sha 3-0 a hannun Arsenal a ranar ƙarshe, ta faɗi da maki 49 saboda bambancin ƙwallaye. Middlesbrough ta bi ta. Abin tausayi shi ne Nottingham Forest, wadda ta zo ta ƙarshe. Brian Clough ya shekara 18 yana horar da ita, ya ɗauko ta daga rukuni na biyu ya ci gasar 1978 da Kofin Turai na 1979 da 1980, sai ga shi ya yi ritaya a kan faɗuwa. Sayar da Teddy Sheringham ga Tottenham a farkon kaka ya taimaka wajen rushe ta. Sheringham ne ya fi kowa cin ƙwallo a gasar da 22, ɗaya kawai daga ciki ya ci wa Forest, wato wadda ya zura wa Liverpool a wasan farko da BSkyB ta nuna kai tsaye.

Arsenal ta zo ta goma da ƙwallo 40, mafi ƙaranci a gasar, amma ta ɗauki Kofin FA da Kofin League, duka biyun a kan Sheffield Wednesday. 'Yan wasa sun zaɓi Paul McGrath na Villa gwarzon shekara, Giggs kuma gwarzon matasa. 'Yan Afirka ba su da yawa tukuna: akwai Bruce Grobbelaar a ragar Liverpool da matashi Peter Ndlovu a Coventry, dukansu 'yan Zimbabuwe, sai Efan Ekoku da ya koma Norwich a watan Maris 1993, wanda ya shiga tawagar Nijeriya da ta ci Kofin Afirka a 1994.

Newcastle, West Ham da Swindon ne suka hau don kaka ta gaba. United ta sayi Roy Keane daga Forest a kan fam miliyan 3.75, ta kuma sake ɗaukar kofin a 1994. A 1995 aka rage ƙungiyoyin gasar zuwa 20, kuma yarjejeniyar talabijin ta biyu, wadda ta fara aiki a 1997, ta kai fam miliyan 670 na shekara huɗu.