BABI NA UKU: GIDAJEN TSARO DA TSOFAFFIN GARURUWA A KWARIN KOGIN RAYIN

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi nazarin tarihin gidajen tsaro da kangaye da tsofaffin garuruwa da ke kwarin Kogin Rayin a ƙasar Jamus, wato yankin da ya tashi daga garin Bingen zuwa birnin Koblenz. Tsawon yankin kimanin kilomita 65 ne, kuma akwai gidajen tsaro wajen 40 a cikinsa. Abin da ake nufi da gidan tsaro a nan shi ne ginin dutse mai ganuwa da hasumiya wanda Jamusawa ke kira Burg, inda mai sarauta yake zaune da dakarunsa. Babin zai duba dalilin gina su, da abin da ya rushe su, da yadda suka zama wuraren ziyara. Manufar ita ce a nuna cewa ba duk ginin da maziyarci ya gani ba ne ya kai shekarun da siffarsa take nunawa.

3.1 Dalilin Gina Su

Kogin Rayin babbar hanyar fatauci ce tsakanin kudanci da arewacin Turai. A wannan yanki kogin ya ratsa tsakanin duwatsu, ya ƙuntata, ta yadda jirgin ruwa ba shi da wata hanyar kaucewa. Saboda haka duk wanda ya mallaki tudun da ke kallon ruwa, ya mallaki kuɗin fito. Wannan ne ya sa manyan limaman kirista na Mainz da Trier da Kolon, waɗanda a lokacin su ne kuma sarakunan ƙasashensu, tare da wasu gidajen sarauta, suka yi ta rige-rigen gini a bakin kogin.

Misali, a shekarar 1245 Diether na biyar, na gidan sarautar Katzenelnbogen, ya gina Rheinfels a saman garin St. Goar. Da ya ƙara kuɗin fito, sai ƙawancen biranen Rayin, wanda aka kafa a 1254, ya kewaye gidan da yaƙi daga 1255, aka shafe fiye da shekara guda ba a ci shi ba. Haka kuma a tsakanin 1326 da 1327 Sarki Ludwig na Bavariya ya gina hasumiya a kan wani tsibiri a tsakiyar kogi kusa da garin Kaub, wadda ta zama gidan Pfalzgrafenstein. Aikinta shi ne tabbatar da cewa babu jirgin da ya wuce bai biya ba. Ke nan asalin waɗannan gine-gine neman dukiya ne da tsare ta.

Garuruwan da ke gindin duwatsun ma da wannan ciniki suka bunƙasa. Bacharach ta yi suna a matsayin kasuwar giyar inabi, ita kuwa Oberwesel ta kewaye kanta da ganuwa wadda har yanzu hasumiyoyinta 16 suna tsaye.

3.2 Rushewarsu

Abubuwa biyu ne suka kawo ƙarshen ƙarfin gidajen. Na farko shi ne bayyanar igwa, domin ganuwar da aka gina don tare kibiya da mashi ba ta iya jure mata. Na biyu kuwa shi ne yaƙe-yaƙe. Yaƙin shekara talatin, daga 1618 zuwa 1648, ya raunana yankin ƙwarai. Amma ɓarnar da ta fi muni ta auku ne a 1689, lokacin da dakarun Sarki Luwis na 14 na Faransa suka bi kwarin suna ƙonawa da fasa gidaje da albarushi. A wannan shekara aka rushe Stahleck da ke Bacharach, da Schönburg da ke Oberwesel, da Ehrenfels, da Stolzenfels.

Rheinfels ya gagari Faransawa a 1692, sai dai a 1794 an miƙa shi ga dakarun juyin juya halin Faransa ba tare da faɗa ba, su kuma suka fasa shi a tsakanin 1796 da 1797. Daga nan kangaye da yawa suka zama wurin ɗibar duwatsun gini. Bugu da ƙari, yarjejeniyar Mannheim ta 1868 ta soke karɓar kuɗin fito a kan kogin, wato dalilin da ya sa aka gina gidajen ya kau baki ɗaya.

3.3 Sake Gini da Farkon Ziyara

A farkon ƙarni na 19 marubuta da masu zane na Jamus da Ingila suka fara kallon kangayen da wani ido daban, suna ganin kyau a cikin rushewarsu. Waƙar da Heinrich Heine ya rubuta a kan dutsen Loreley ta ƙara wa kwarin suna. A fagen siyasa kuma, taron Viyana na 1815 ya ba daular Furushiya yammacin kogin, sai 'ya'yan gidan sarautarta suka shiga mallakar kangaye don su nuna cewa su ne magadan tsohuwar daukakar Jamus. Yarima Friedrich ya sake gina Rheinstein daga 1825 zuwa 1829. Birnin Koblenz ya ba yarima mai jiran gado kangon Stolzenfels kyauta a 1823, aka sake gina shi daga 1836 zuwa 1842 bisa tsarin masanin gini Karl Friedrich Schinkel, har Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta ziyarce shi a 1845.

Sufuri ma ya taimaka. Jiragen ruwa masu aiki da tururi sun fara jigila tsakanin Kolon da Mainz a 1827, aka kammala hanyar jirgin ƙasa a gaɓar yamma a 1859, ta gabas kuma a 1862. A Koblenz ne Karl Baedeker ya fara buga littattafansa na jagorar matafiya a shekarun 1830.

3.4 Abin da Maziyarci Yake Tararwa

Bisa ga bayanan da suka gabata, ana iya kasa gidajen kashi uku. Kashi na farko su ne waɗanda ba a taɓa rushewa ba, kamar Pfalzgrafenstein da Marksburg da ke Braubach. Ƙungiyar kare gidajen tsaro ta Jamus ta sayi Marksburg a 1900, kuma ko da yake igwar sojojin Amurka ta yi masa lahani a 1945, an gyara shi. Kashi na biyu su ne kangaye, kamar Rheinfels da Ehrenfels. Kashi na uku su ne waɗanda aka sake ginawa, kamar Stolzenfels, da Stahleck wanda aka mayar masaukin matasa a shekarun 1920.

Matsalar tana ga kashi na uku. Maziyarcin da ya shiga Stolzenfels yana iya ɗauka cewa haka mayaƙan ƙarni na 13 suka rayu, alhali ɗakunan da yake gani an tsara su ne don hutun sarkin ƙarni na 19. Ginin shaida ne a kan tunanin waɗanda suka sake gina shi fiye da rayuwar waɗanda suka fara kafa shi. Don haka wajibi ne mai nazarin tarihi ya tantance zamanin kowane bango kafin ya kafa hujja da shi.

3.5 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa kuɗin fito ne ya haifar da gidajen tsaron kwarin Rayin, igwa da yaƙe-yaƙe suka rushe su, sannan siyasa da sha'awar tarihi suka farfaɗo da su. A shekarar 2002 hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya, abin da ya ɗora wa hukumomi nauyin kula da gine-ginen da gonakin inabin da ke kewaye da su. Babi na gaba zai duba yadda ake gudanar da wannan kulawa, da tasirin zirga-zirgar jiragen ƙasa a kan mazauna garuruwan kwarin.