Daga SAP zuwa yau: gwamnati ta tsuke aljihu, mace ta biya

Jama'a, duk muhawarar da ake yi kan cire tallafin mai, sai in ga ta tsaya a farashin lita da canjin dala. Ni yau baya nake so mu koma, don wannan ba shi ne karo na farko ba, kuma wadda ta ɗauki kayan a wancan karon ita ce ke ɗauke da shi yanzu.

Da farashin ɗanyen mai ya faɗi, Shagari ya shigo da matakan tsuke bakin aljihu a 1982. Buhari ya zo a ƙarshen 1983, aka sallami ma'aikata da yawa, aka shiga layin kayan masarufi. A 1985 Babangida ya ce 'yan ƙasa su yi muhawara kan bashin IMF, jama'a suka ce ba sa so, ya ce an fasa. Sai ga SAP a 1986 da sharuɗɗan nan dai: a karya darajar naira, a rage tallafi, a sayar da kamfanonin gwamnati, a rage kashe kuɗi. A farkon 1986 naira kusan kai ɗaya take da dala. Zuwa 1993 dala ta kai wajen naira 22 a farashin gwamnati. Litar fetur ta tashi daga kwabo 20 zuwa 39.5 a 1986, ta kai kwabo 70 a 1991.

To ga inda nake so mu tsaya. In gwamnati ta janye hannu daga wani aiki, aikin ba ya ɓacewa. Gida yake komawa, kuma mun san wa yake tarar wa a gidan.

Ɗauki asibiti. Lokacin ne ya zama ruwan dare a miƙa maka takarda ka je kyamis ka sayo magani, allura, auduga, har safar hannu. Wanda ba shi da hali sai ya mayar da marar lafiyarsa gida. Wa zai kwana a kansa, ya wanke shi, ya dama masa kunu? Uwa, ko mata, ko 'ya. Ita kanta in ciki ya zo, sai ta lissafa kuɗin awo da na mota ta ce bari dai ta haihu a ɗaki. In abin ya zo da gardama, kafin a kai ta asibiti lokaci ya ƙure.

Ɗauki makaranta. A 1976 aka fara UPE, firamare kyauta, 'yan mata da yawa suka shiga aji. Da kuɗi suka ja baya, jihohi da dama suka dawo da kuɗin makaranta da tara kala-kala, yawan ɗalibai ya ragu. Uba mai 'ya'ya shida da albashin da naira ta cinye, in dole ya zaɓa, namiji yake bari a aji. Yarinya a ɗora mata farantin talla, daga nan sai aure. Waɗannan yaran su ne iyaye da kakanni a yau.

Sai kicin. Kananzir ya yi tsada, a koma itace da hayaƙi. Famfo ya ƙafe, a koma 'yan garuwa. Maigida ya rasa aiki ko albashi bai kai ƙarshen wata ba, sai ƙosai, ƙuli-ƙuli, kitso, ɗinkin hula da adashi su riƙe gidan. In ta ƙi ci, a sayar da akuyarta, sannan kayan ɗakinta. In tuwo bai isa ba, ita ce ke cewa ta ƙoshi. Wallahi babu ko ɗaya daga cikin wannan da ke shiga lissafin kasafin kuɗi, shi ya sa a takarda sai a ga kamar an yi tsimi.

Ba a yi shiru ba. Ƙungiyar WIN da aka kafa a Zariya a 1982 ta soki tsarin. UNICEF ta fitar da nazari a 1987 tana jan kunne kan illarsa ga yara da talakawa. A shekarar ce Maryam Babangida ta kafa shirinta na Better Life don matan karkara, amma injin niƙa da taron baje koli ba sa maye gurbin asibiti mai magani. A 1989 zanga-zangar adawa da SAP ta ɓarke a birane, aka rasa rayuka.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya ce tallafi ya tafi. A Fabrairun 2024 su wa suka fara fita? Mata a Minna suka tare hanya kan tsadar abinci, masu gurasa a Kano suka fito kan farashin fulawa. Su ke riƙe da tukunya, su ke fara sanin ta yi sauƙi.

Ba gardamar tallafi nake yi ba, kowa da ra'ayinsa. Tambayata ita ce: kason jihohi ya ƙaru tun bayan cire shi, nawa ya je asibitin unguwa, famfo da makarantar 'yan mata? A 2001 a Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, har yau gwamnatin tarayya ba ta cika ba. Mu tambayi gwamnoninmu da 'yan majalisarmu, da alƙaluma, ba da zagi ba. In ba haka ba, 'yar da aka cire daga aji bana ita za ta biya bashin nan har jikokinta.

Allah Ya kawo mana sauƙi, Ya saka wa iyayenmu mata da alheri.