Tarihin Fistol Masu Ɗura wa Kansu Harsashin Magnum

Fistol masu harsashin magnum ƙananan bindigogi ne da ake riƙewa da hannu, waɗanda ke fitar da kwanson da aka harba su kuma ɗura sabon harsashi da kansu duk lokacin da aka ja kunama, amma harsashin da suke ci ya fi na fistol ɗin 'yan sanda da sojoji girma da ƙarfi nesa ba kusa ba. Kusan dukkansu a Amurka aka ƙirƙiro su, tsakanin 1970 da 1990. Tarihinsu tarihi ne na wata matsala guda ɗaya ta ƙira, kuma hanyar da kowane maƙeri ya bi wajen warware ta ita ce ke bambanta su har yau.

Asalin matsalar

Harsashin magnum na libarba aka yi shi, wato bindiga mai ganga mai juyawa. Kamfanin Smith & Wesson ya fito da .357 Magnum a 1935, sannan tare da Remington suka fito da .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950, bayan gwaje-gwajen mafarauci kuma marubuci Elmer Keith. Irin wannan harsashi yana da leɓe a gindin kwansonsa, wanda ke tokare shi a cikin ganga. A gidan harsashin fistol kuwa, inda ake jera su ɗaya bisa ɗaya, leɓen kan sarƙe da na ƙasa ya hana harsashi shiga. Ga tsawo, ga kuma ƙarfin harbi da ya yi wa fistol na yau da kullum yawa. Shi ya sa aka kwashe shekaru da dama duk mai son irin wannan ƙarfi a hannu sai dai ya nemi libarba.

Auto Mag

Harry Sanford ne ya fara fuskantar matsalar gadan-gadan a birnin Pasadena na jihar Kalifoniya. Maimakon ya yi fama da leɓe, sai ya sauya harsashin baki ɗaya. An riƙa yanke kwanson harsashin doguwar bindiga, irin su .308 Winchester, a mayar da shi .44 AMP, mara leɓe, mai ƙarfi daidai da .44 Magnum. Bindigar Auto Mag ta shiga kasuwa a 1971, da ƙarfe mara tsatsa, da sakata mai juyawa wadda ke kulle harsashi har sai matsin ya ragu.

Aikin ya yi kyau, ciniki ne bai yi ba. Kuɗin ƙera kowace bindiga ya zarce farashin da aka sayar da ita, harsashinta kuma ba ya samuwa a shaguna, sai mai ita ya haɗa da kansa. Kamfanin ya durƙushe a 1972. Wasu kamfanoni sun ci gaba da ƙera ta jefi-jefi har zuwa 1982. Abin takaici shi ne sunanta ya fi tashi bayan an daina yin ta, lokacin da Clint Eastwood ya riƙe ta a fim ɗin Sudden Impact na 1983. Ana gane ta da dogon bututu siriri mai ƙarfe mai ramuka shimfiɗe a samansa, da kuma kunnuwa biyu a baya da ake kamawa a ja sakata.

Wildey

Wildey J. Moore ya bi wata hanya tun farkon shekarun 1970. Ya aro tsarin dogayen bindigogi: wani kaso na iskar albarushi yana bi ta ƙananan ramuka a bututu, ya tura fistin, shi kuma ya buɗe sakata. Ya ƙara zobe a gindin bututu wanda maharbi zai murza don daidaita yawan iskar da ƙarfin harsashi. Wannan zobe shi ne babbar alamar Wildey. Ta yi amfani da .45 Winchester Magnum, daga baya kuma .475 Wildey Magnum, wadda Charles Bronson ya sa ta yi suna a fim ɗin Death Wish 3 na 1985.

Grizzly da Coonan

Wasu maƙeran ba su ga dalilin barin tsohuwar ƙirar M1911 ta John Browning ba, sai suka faɗaɗa ta. LAR Grizzly, wadda Perry Arnett ya tsara aka kuma ƙera a jihar Utah daga farkon shekarun 1980 zuwa 1999, M1911 ce da aka ƙara wa kauri da tsawon mariƙi don ta ɗauki .45 Winchester Magnum. Dan Coonan a jihar Minnesota shi ma kan M1911 ya gina tasa, amma ya yi abin da Sanford ya kauce wa: ya tsara gidan harsashi da ke jera .357 Magnum mai leɓe ba tare da sarƙewa ba. Wanda ya san M1911 zai gane su nan take, sai dai mariƙinsu ya fi faɗi daga gaba zuwa baya.

Desert Eagle

Wadda ta daɗe ta kuma game duniya ita ce Desert Eagle. Kamfanin Magnum Research na Minnesota ne ya ƙirƙiro ta, Bernard C. White ya nemi rajistar ƙirar a 1983, sannan kamfanin Israel Military Industries na Isra'ila ya gyara ta ya riƙa ƙera ta har 1995. Daga nan aikin ya koma Saco Defense a jihar Maine, ya sake komawa Isra'ila, kafin a fara ƙera ta a garin Pillager na Minnesota a 2009.

Ita ma da iskar albarushi take aiki, da sakata mai haƙora mai kama da ta doguwar bindigar M16, bututunta kuma ba ya motsi. Ta fara da .357 Magnum, ta ƙara .44 Magnum, sannan .50 Action Express wanda Evan Whildin ya tsara a 1988. Hikimar wannan harsashi ita ce faɗin gindinsa daidai yake da na .44 Magnum, don haka a samfurin Mark XIX sauya bututu da gidan harsashi kawai ya isa a koma daga ɗaya zuwa ɗaya. Tana ɗaukar harsashi 9 na .357, ko 8 na .44, ko 7 na .50, nauyinta kuma ya kusa kilo 2. Bakinta mai siffar kusurwa uku ba ya ɓuya. Tsarin iskar yana da sharaɗi: harsashin dalma zalla yana toshe hanyar iskar, shi ya sa ake amfani da mai rigar tagulla. Faɗin .50 kuwa, wato milimita 12.7, shi ne iyaka, domin dokar Amurka tana sanya fistol ɗin da bakinsa ya wuce rabin inci cikin wani rukuni mai tsauraran ƙa'idoji.

Matsayinsu

Duk da yadda finafinai irin su The Matrix da wasannin kwamfuta suka ɗaukaka su, waɗannan bindigogi ba su zama makamin aikin soja ko ɗan sanda ba. Sun yi nauyi, harsashinsu kaɗan ne, turinsu na baya yana jinkirta harbi na biyu. Gurbinsu na gaskiya shi ne farautar barewa da aladun daji, gasar harbin allunan ƙarfe daga nesa, da taskar masu tara kayan tarihi. A fagen ƙarfi zalla ma libarba ta sake wuce su da fitowar .500 Smith & Wesson Magnum a 2003. Darajarsu tana ga basirar da aka zuba: wani ya sauya harsashi, wani ya faɗaɗa tsohuwar ƙira, wani ya dunƙule tsarin doguwar bindiga ya sa shi cikin tafin hannu. Wanda ya fahimci waɗannan hanyoyi uku ya samu mabuɗin gane kowace daga cikinsu.