Rummikub: Wasan da Dokar Hana Karta ta Haifa

Yau tarihin wani wasa na kawo muku, wasan da yaro ɗan shekara takwas zai zauna ya buga da kakarsa, har ma ya cinye ta. Sunansa Rummikub, kuma dokar hani ce ta yi sanadin samuwarsa.

Mu tafi ƙasar Romaniya a shekarun 1940. 'Yan kwaminisanci sun karɓi mulki, kuma kamar yadda tarihin wasan ya zo, sai aka haramta buga karta. A nan ne wani Bayahude mai suna Ephraim Hertzano ya fito da dabara: tunda takardar karta aka hana, sai ya mayar da lambobinta kan 'yan ƙananan alluna, kowane bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Su ne 'ya'yan wasan.

To ku yi lissafin nan tare da ni. Kwalin karta ɗaya yana da ganye 52, kwali biyu 104 ke nan. Rummikub kuma 'ya'ya 104 gare shi masu lamba, daga 1 zuwa 13, cikin launi huɗu: baƙi, ja, shuɗi da ruwan goro, kowace lamba sau biyu a kowane launi. A ƙara joka biyu, ya zama 106. Kun ga ke nan, tuwo aka canza wa suna. Babu sarki, babu sarauniya, lamba ce zalla da launi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Hertzano ya yi ƙaura zuwa Isra'ila. Shi da iyalinsa suke ƙera wasan da hannu a bayan gida, sannan ya ɗauka yana bi ƙofa-ƙofa yana talla. Ƙananan shaguna ma yakan bar musu kaya, sai an sayar a biya shi. Da haka sana'ar ta girma har aka fara fitar da wasan ƙasashen waje. A 1977 ya shiga sahun wasannin da suka fi kasuwa a Amurka, a 1980 kuma ya ci kyautar Spiel des Jahres ta Jamus, wato gwarzon wasan shekara.

Yaya ake buga shi? Mutum biyu zuwa huɗu, kowa ya ɗebi 'ya'ya 14 ya jera a kan ɗan katakonsa, ba mai ganin na wani. Hanya biyu ake haɗawa: ko lamba ɗaya a launi uku ko huɗu daban-daban, ko lambobi uku zuwa sama masu bin juna a launi ɗaya. Saukarka ta farko dole jimillarta ta kai 30. In ba ka da abin ajiyewa, ka ja ɗaya daga tari. Wanda ya fara ƙarar da nasa shi ya ci.

Amma inda daɗin yake shi ne, duk abin da aka ajiye a tsakiya ya zama na kowa. A ce akwai ja 4, 5, 6, 7, 8 a ƙasa, kai kuma kana riƙe da wani jan 6. Sai ka raba jerin, ka mai da shi 4, 5, 6 da 6, 7, 8. Ka rabu da ɗanka, ba ka karya doka ba. Nan ne yara ke ba manya kunya, don idonsu ya fi saurin hango irin wannan.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihin nan shi ne yadda wasan ya sauya mazauni. A wurare da yawa, har da nan wajenmu, da an ce karta sai iyaye su tuna caca. Da aka mayar da ita lamba da launi, sai ta shigo falo, uwa ta zauna da 'ya'yanta, yaro yana ƙirga 30 da kansa ba tare da an ce masa darasin lissafi ba ne.

Nan zan dakata.