Tsohuwar motar soja mai dizal ta ƙi tashi: inda ake fara dubawa

Unguwar Zango a Kwatano tana kusa da tashar jiragen ruwa, inda manyan motoci ke ɗaukar kaya zuwa Parakou da Malanville, tafiyar fiye da kilomita 700. Cikin motocin da har yau ke aiki a Afirka ta Yamma akwai waɗanda rundunonin Turai suka sallama, irin su Berliet GBC 8 KT mai ƙafa shida, wadda sojan Faransa suka fara amfani da ita a farkon shekarun 1960, da Unimog da Magirus-Deutz na Jamus. Suna da ƙarko, amma ƙin tashi da safe shi ne ciwonsu. Sau da yawa akan yi gaggawar kwance famfon injekta, abu mafi tsada, alhali laifin yana wuri mai arha.

Yadda injin ke kamawa

Injin dizal ba shi da fulogi mai tartsatsi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi, sai nozul ya fesa mai ya kama da kansa. Don haka abu huɗu yake bukata: juyi da sauri, mai marar iska da ruwa, isasshiyar iska, da matsi mai ƙarfi.

Batir da wayoyi

Yawancin motocin soja na aiki da volt 24, galibi batir biyu masu volt 12 a haɗe. Cikakken batir yana nuna kimanin 12.6. In ɗaya ya yi rauni, yakan ja ɗayan ƙasa, shi ya sa ake auna kowane daban. Idan awon duka biyun ya faɗi ƙasa da 19 lokacin da ake ba da kik, injin ba zai yi juyin da zai kama ba. Iskar teku ta Kwatano mai danshi da gishiri tana cin kan batir da wayar da ke ɗaure a jikin shasi. Gogewa da ɗaurewa kaɗai kan warware matsalar.

Abin da hayaƙi ke faɗi

Injin na juyawa amma babu hayaƙi a salansa: mai ba ya isa silinda.
Farin hayaƙi mai warin gazuwal: mai na isa amma ba ya kamawa. A duba hita in motar na da ita, da matsi, da saitin lokacin famfo.
Baƙin hayaƙi: iska ta yi ƙaranci ko nozul na zubar da mai. A fara da filtar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa a hanyar arewa.

Iska da ruwa a layin mai

Motar da ke tashi lafiya da rana amma ta ƙi bayan ta kwana, galibi iska ce ke shiga ta tsohon tiyo ko washa, mai ya koma tanki. A sassauta kusar fitar da iska da ke kan filta, a yi ta danna famfon hannu har mai ya fito ba kumfa, sannan a ɗaure. In gobe ta sake, a nemi inda ke shan iska. Tankin da ke kwana rabi yana tara raɓa, man bakin hanya kuma kan zo da ruwa da datti. A tsiyaye gindin filta cikin kwalba: ruwa zai kwanta ƙasa.

Matsi

Idan sai an tura ta take tashi, tana shan baƙin mai, tana huci ta wurin zuba shi, to ringi ko bawul sun gaji. Nan ne ake bukatar bakanike mai ma'aunin matsi. Sai an gama duk wannan kafin a taɓa famfon injekta.

Abin kiyayewa

Kada a riƙe kik fiye da daƙiƙa 15. A bar shi ya huce kamar minti biyu. Kada a kai tsumma mai fetur bakin iska, ko a fesa maganin tayarwa hita na kunne: yana iya fasa ringi ko ya ƙona yaron mota. Kada kuma a sa hannu kusa da bututun nozul da aka sassauta, domin man yana huda fata; wanda ya samu haka a kai shi asibiti nan take.