Sabuwar tsohuwar mota: yadda ake gano matsalar wuta da sauran laifuffukan da ba a faɗa wa mai saye ba

Akasarin motocin da ke yawo tsakanin Birni, Zango da Sabon Gari sun yi rayuwa a wata ƙasa kafin su iso Damagaram. Shekara da shekaru ta tashar ruwan Kwatano suke shigowa. Tun da aka rufe iyaka da Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, hanya ta karkata zuwa Lome da Burkina Faso, wasu kuma daga Kano ake kawo su ta Magariya ko Matamaye. Wani rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙirga ƙananan motoci na hannu miliyan 14 da Turai, Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya kwasa. A wani bincike da hukumomin Holand suka yi kan waɗanda ke barin ƙasarsu, yawancinsu sun kai shekara 16 zuwa 20. Mota mai wannan shekaru, ko da fentinta na ƙyalli, wayoyinta sun tsufa, zafin Afrilu da ƙurar hunturu kuwa ba sa raga wa tsohuwar waya.

Gwajin farko ba ya cin ko dala. A murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba, a dubi allon gaban direba. Fitilar batir, ta mai, ta inji, ta birki da ta jakar iska duk ya kamata su kama, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ta ƙi mutuwa tana nuna matsala. Wadda ba ta kama ba ko kaɗan ta fi zama abin zargi, domin akwai dillalan da ke cire ƙwan ko su liƙe shi don kada mai saye ya gani.

Daga nan sai batir, kuma a nan ne ake yawan asarar kuɗi. Mota ta ƙi tashi da safe, a sayi sabon batir, bayan sati biyu shi ma ya kwanta, alhali tun farko ba shi ne da laifi ba. Ƙaramar mitar awon wuta, wadda ake samu wajen masu kayan sola, tana raba gardama. Batir mai cikakken caji, bayan mota ta kwana, yana nuna bolt 12.6; in ya nuna 12.2 rabi ya rage. Ƙasa da 12 kuwa ya zube. Lokacin da ake tayarwa bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Idan inji na aiki, awon ya tsaya tsakanin 13.8 da 14.5. Ƙasa da haka, altaneta, wato injin cajin batir, ba ya ciyar da shi, ko bel ɗinsa ya saki. In ya haura 15, yana dafa batir ne, kuma za a ga ƙwayayen fitila na yawan ƙonewa. Akwai wani gwaji da ya zama ruwan dare a garejinmu, na cire kan batir inji na aiki don a ga ko zai mutu. A tsohuwar Fijo 504 ana iya tsira da shi. A motar da ke da kwamfuta, hawan wutar da yake jawowa na iya ƙona ta, kuɗinta kuwa ya ninka na batir.

In batir da altaneta lafiya lau amma wuta na zubewa da dare, wani abu ne ke sha a ɓoye. Mai gyaran wutar mota, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira riwaya, zai saka mita tsakanin batir da wayarsa, a rufe ƙofofi, a jira kamar rabin awa motar ta yi barci. Abin da ya wuce miliamfa 50 ya yi yawa. Sai a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har awon ya faɗi, layin da ya faɗar da shi nan ɓarawon yake. Sau da yawa ba kayan kamfani ba ne: rediyon da aka ƙara, ƙararrawar ɓarayi, na'urar bin sawu, ko fitilar but da ba ta mutuwa.

Akwatin fiyus kansa yana ba da labarin hannun da motar ta bi. Launi na nuna ƙarfi: ja amfa 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Duk inda aka ga an naɗa zaren waya ko takardar sigari a madadin fiyus, an ɓoye gajeren haɗi ne, ba a gyara shi ba, kuma irin wannan ne ke tayar da gobara a mota. Fiyus da ya sake ƙonewa bayan an canza shi, wayar ake bi, ba a ƙara masa ƙarfi.

Wayar mas, wadda ke haɗa batir da jikin mota da inji, ita aka fi mantawa. In ta yi tsatsa ko ta saki, alamun sukan rikita mutum: a kunna sigina fitilar birki ta riƙa ƙyaftawa, allurar zafi ta hau in an kunna manyan fitilu, demarer ya yi ƙas-ƙas bai juya ba. A kwance ta, a kankare, a ɗaure tam kafin a sayi komi. A duba kuma ɓarnar ɓera, musamman in motar ta daɗe ajiye a tashar ruwa ko a fakin dillalai.

Motocin Amurka daga 1996, na Turai masu esansi daga 2001, masu gazuwal daga 2004, duk suna da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike. Lambar da take bayarwa tana nuna inda za a duba ne, ba kayan da za a saya ba. P0300 na nufin inji na tsallake wuta, wanda kan iya zama buji, bobin ko gurɓataccen mai. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa, kuma a ƙasar ƙura irin tamu sau da yawa na'urar awon iska ce ta yi datti ko wani tiyo ya tsage. P0420 ta shafi tukunyar tace hayaƙi, wadda ake yawan yankewa a sayar tun kafin mota ta iso, saboda ƙarfe mai tsada da ke cikinta. Goge lamba ba gyara ba ne. In an goge ta dawo bayan tafiyar kwana biyu, matsalar na nan.

Motocin da ambaliya ta cinye a Amurka su ne mafi sharri, don wutarsu ba ta taɓa daidaita. A ɗaga kafet, a duba tsatsa a ƙarfen ƙarƙashin kujera, laka a ramin tayar safaya, koren datti a bakin soket, da warin ruma da turare bai rufe ba. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 ta dace da ta kart giriz da takardun duwan. Da ita kuma ana iya neman tarihin motar Amurka a intanet. A tuna allonsu da mil yake ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6.

Kafin a kama hanyar Yamai mai kusan kilomita 900, ko turɓayar Damagaram Takaya da Tanut inda mai gyara ke da nisa, a canza man inji da matatunsa duka, kome dillali ya ce. In injin mai bel ɗin lokaci ne kuma ba a san ranar da aka sa shi ba, a canza, don tsinkewarsa a injuna da yawa na lanƙwasa bawul. A tabbatar fankar radiyeta na tashi da kanta in inji ya yi zafi. Famfon mai da ke cikin tanki kuma man ne ke sanyaya shi, saboda haka yawo da litar ruwa-ruwa ɗaya ko biyu kullum yana gajarta kwanansa. Kada a bar tanki ya sauka ƙasa da kwata.