Hatsin Manoma: Yadda Ake Gane Farin Furen Farkon Damina

Hatsin manoma tsiro ne mai farin fure da ke fitowa da kansa a filaye da saura da gefen gonaki da zarar ruwan farko ya sauka. Masana tsirrai suna kiran sa Pancratium trianthum, kuma Dakta J. M. Dalziel ya kawo sunansa na Hausa a littafinsa na sunayen tsirran ƙasar Hausa wanda aka buga a 1916. Ɗan asalin Afirka ne, ana samun sa tun daga Senegal har zuwa Sudan.

Kamanninsa

Tsiron yana da kai a cikin ƙasa mai kama da albasa. A nan yake ajiye abinci da ruwa, ya kwanta duk tsawon rani. Tsakanin Afrilu da Yuni, gwargwadon lokacin saukar ruwa a kowane yanki, sai ya fitar da kara da bai kai kamu guda ba, ɗauke da fure ɗaya zuwa uku. Ganyensa siriri ne kamar na ciyawa.

Furen fari ne fat, yana da dogon wuya siriri da ya fi yatsa tsawo, da fallaye shida sirara. Babbar alamarsa ita ce ɗan farin ƙoƙon da ke tsakiyar furen, wanda zaruruwa shida masu garin fure ke fitowa daga bakinsa. Yana buɗewa da almuru da ƙamshi mai ƙarfi, ya yi yaushi idan rana ta ɗaga washegari. Saboda haka mai son ganin sa sai ya yi sammako.

Masu kama da shi

An fi rikita shi da albasar kwaɗi. Ita ta fi son fadama, ganyenta faffaɗa ne, kowane fallen furenta yana da jan layi a tsakiya, kuma ba ta da ƙoƙo. Albasar kura kuwa dogon kara take yi mai ƙananan furanni da yawa.

Abin lura

Kan hatsin manoma ba abin ci ba ne. Yana ɗauke da sinadarai masu guba, irin waɗanda ake samu a danginsa, masu jawo amai da gudawa da ciwon ciki. Hanya mafi sauƙi ta bambance shi da albasar miya ita ce sunsunawa, domin idan an yanka shi ba ya warin albasa. Yaron da ya ci shi a garzaya da shi asibiti tare da ragowar abin da ya ci.

Masu noma daga birni su ma su kula. Fitowar furen shaida ce cewa ƙasa ta jiƙa, amma ba ta nuna damina ta zauna, tunda tsiron da ajiyarsa yake fure. Irin da aka shuka bayan ruwa ɗaya ba shi da wannan ajiya, kuma fari na 'yan makonni ya isa ya kashe shi.